Wa Ke Kula da Naka Uban?

Zuwa ga ƙanwata Turai,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba? Ya mutanen Goronyo da albasar bana?

Ni lafiya lau, sai gajiya kaɗan. A gidan tsofaffin da nike aiki nan Ingila, an ba ni wani dattijo da ɗiyanshi ba su zuwa dubanshi. Jiya ina yi mishi aski ya riƙe hannuna, ya ce, "Kai wa ke kula da naka uban?" Na ce ƙanwata. Sai ya sake ni.

Na ji kin bar koyarwa saboda Baba. Mi zan ce miki, Turai? Ki riƙa kiran maƙwabcinmu Sale shi taya ki ɗaga shi, ki tausaya wa bayanki. In ya tambaye ni, kada ki ce na kusa dawowa.

Allah shi saka miki da aljanna.

Yayanki,
Jelani