Shafin Asibitin Haihuwa

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Na koma aiki. Teburina yana nan yadda na bar shi, kujerar kawai aka canja min.

Oga ya ba ni aikin wani asibitin haihuwa. Suna son shafin intanet da mata za su riƙa kama layin awo daga gida, kuma ya riƙa tura wa masu jego saƙon ranar rigakafi. Bayanansu suna cikin wani tsohon rumbu na MySQL. Abin da ya rage shi ne in zaɓi abin da zan haɗa shafin da rumbun. Ko in rubuta komai da hannu da PHP, ko Laravel, ko Django. Dogo, wanda teburinsa ke kusa da nawa, ya ce Django. Tun farkon mako nake kallon ukun, duk ɗaya suke a idona. Ka zaɓa min.

Ƙanwarka,
Auta

*

Wa alaikumus salam Autar Mama,

Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Ikon Allah! Ke da kika hana ni cin abinci da musu a kan Django, har kika kira ni tsohon yayi, yau ke ce ke cewa in zaɓa miki?

To, ɗauki Laravel. Rumbu irin wannan da wuya in ba PHP ke kan na'urarsu ba, ba sai kin tayar musu da komai ba. Kada ki rubuta da hannu. Sirrin marasa lafiya ne, kuskure ɗaya ya isa wani ɗan iska ya kwashe shi.

Yanzu bar batun aiki. Wane asibiti ne? Maigidanki ya kira ni, ya ce kina dawowa ki zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Mama ta ce kin rabar da kayan jaririn ba ki gaya wa kowa ba. Kin cika min takarda ba ki ambace shi ko sau ɗaya ba. In a can ne kika haihu, ki roƙi Oga ya ba Dogo. Ba wanda zai ga laifinki.

Allah ya ba ki haƙuri.
Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Can ne. Oga bai sani ba sai da na fara. Ya zo ya tsaya a kaina, ya ce, "Ki bar shi, don Allah." Na ce, "Ranka ya daɗe, na riga na sa hannu." Ya tafi.

Na ɗauki Laravel. Gaskiyarka, ya haɗu ba wahala. Da zan gwada, dole ne in sa lambar katin wata mai jego, kuma tawa kaɗai na haddace. Na sa. Sunana ya fito, da ranar, da nauyin jaririn. A layin ƙarshe an rubuta: bai zo da rai ba. Na jira in ji wani abu. Abin da na lura da shi kawai, kwanan watan ya fito a juye. Na gyara.

Da na gwada tura saƙo, wayata ta yi ƙara: "Barka da arziki, ki kawo jaririnki rigakafi." Ashe duk wadda ta haihu zai tura wa. Dogo ya ga fuskar wayar, ya tashi ya fita. Na duba rumbun, irina suna da yawa, Yaya. Na yi ta gangarawa sunaye ba su ƙare ba. Na ƙara layi ɗaya a rubutun shafin da zai sa saƙon ya tsallake mu. Daga nan na ci biredin da na zo da shi.

Ina cin abinci. Ka gaya wa Mama.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Na karanta, na kasa ba Antinki ta karanta. Na ɗauki hutu, ina nan tafe ƙarshen mako. Ba sai kin yi min magana ba, zan zauna kusa da ke kawai.

Yayanki

*

Yaya,

Sai ka zo. Shafin ya fara aiki yau. Da hantsi saƙon ya tafi wa masu jego duka. Na ajiye wayata a kan tebur ina kallonta har aka tashi. Ba ta yi ƙara ba.

Oga ya ce aiki ya yi kyau.

Ka gaida gida.
Auta