Robar da Yaya Sale Ya Sa a Takalmin Baba

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Bayan haka, ƙara na kawo miki.

Kin san ciwon suga ya kashe wa Baba tafin ƙafa, ko garwashi ya taka ba ya ji. Shi ya sa kike yanka kwali ki sa masa a takalmi. In ya dawo daga gona ki zare ki ɗaga a rana, da kin ga huji sai ki ce, "Malam, miƙo ƙafar, ban da musu."

To, ɗanki Yaya Sale ya zo daga jami'a ya yar da kwalin, ya shimfiɗa masa wata roba mai laushi da suke gwadawa a can. Wai tana jin nauyin taku, in wani gefe ya dannu da yawa sai ta sanar da wayar Yaya. A gabanmu ya tsaga ta da reza, ya haɗa bakin, kafin la'asar ta haɗe, ko tabo babu. In ta tsufa ma wai narkar da ita za a yi a sake wata. Kowa na ta shi masa albarka, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Abin da ke rufe hujinsa da kansa, ta ina zan san an huda shi?

Shekaranjiya na ga ƙuda na bin diddigen Baba. Na zaro robar, sumul. Na kira Yaya, ya ce nauyi take aunawa, ba ƙaya ba. Na ce Baba ya miƙo ƙafa, ya hau ni da faɗa. Wallahi Inna, da ƙarfi na kamo ta. Ƙaya ce ta shige can ciki, wurin har ya yi ruwa.

Abin da ya fi ci mini rai, na tsinci tsumma mai jini a bayan rumbu. Ina zargin Baba ya sani tuntuni, ya yi shiru don kada a ce aikin ɗansa bai yi ba. Ke kaɗai ba ya iya ɓoye wa abu, na yi kewarki ƙwarai.

Mun kai shi asibiti, gobe likita zai faɗa mana ko za a bar masa diddigen. Allah ya haskaka kabarinki, ya bar wa Baba ƙafarsa, amin.

Taki har kullum,
Autarki, Larai