Fadamar da Na Ɓoye wa Gwamnati

Danchadi, Janairu 1981

Zuwa ga ƙanena Ɗanjuma,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Uwani da yara, kuma keken ɗinkinka bai rasa aiki a kasuwar Shagari ba. Mu nan sai godiya, Inno ce kawai ke fama da gwiwa.

Malaman gona sun zo mana daga Bodinga da igiyar awo. Wai gwamnati za ta ba manoma tallafi, kuɗi da takin zamani, kowa gwargwadon faɗin gonarsa. Ka dai san ni, ban yarda ba. Ruwa ba ya tsami banza. Da awo aka fara wa mutanen Bakolori kafin a gina dam, ka kuma ji yadda gonakinsu suka ƙare.

Sai na yi dabara. Fadamar albasa da Baba ya bar mana, wadda na ba maƙwabcinmu Sodangi aron rabinta, na ce musu duk tasa ce. Surukinsa babba ne a jam'iyya, ba mai taɓa abin da ke cikin sunansa. Don kada malaman su yi shakka, na kira liman da mai gari na faɗa a gabansu. In guguwar ta wuce, mu karɓi abinmu. Kai da ke ganin yayanka ba shi da wayo, yau sai ka sara mini.

Naka,
Mijinyawa

Danchadi, Afrilu 1982

Ɗanjuma,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, faɗan da ka aiko mini ya iso. Ɗinki ka sani, ka bar mini sha'anin ƙasa.

Tallafin ya zo, ba ƙarya. Sodangi ya kwashi taki, har ya sayi injin ban ruwa. Ni dai har yanzu ina ganin tsaba ce ake watsa wa kaza kafin a kama ta.

Abin da ke ci mini rai daban ne. Ka san duk mai aron fadama yakan kai wa mai ita kwandon albasa ranar tono, don kowa ya san mai wuri. Bana an tone, an kai kasuwa, ban ga kwando ba. Ruwan injinsa kuma yana bi ta cikin rabina ba ko sallama. Da na yi magana ya yi dariya, wai ai duk ɗaya ne. Dariyar nan ba ta kwanta mini ba.

Ka gaida Uwani.
Mijinyawa

Danchadi, Nuwamba 1983

Ƙanena,

Ina gaishe ka, Allah ya sa kuna lafiya. Ni kam ba na jin daɗi.

Tallafi ya tsaya tun bara, damina ta yi gardama, gero ya yi tsada. Gwamnatin da nake tsoro ko leƙo fadamar ba ta yi ba. Sodangi ne ya kewaye ta duka da ƙaya.

Na kai ƙara wurin mai gari. Aka kira liman, ya faɗi abin da kunnensa ya ji daga bakina, bai ƙara ba bai rage ba. Mai gari ya tambaye ni yaushe na yi ƙarya, ran awo ko yau. A haka ƙarata ta faɗi. Sodangi na zaune yana ta jan carbi.

Jiya ya aiko ɗansa, wai saboda zaman tare zai ba ni aron fangali kaɗan daga gefen rafi in dasa albasa. Na so in kore shi, sai na tuna rumbuna ya kusa ƙasa, ga Inno ga yara. Na karɓa, har na ce a yi masa godiya.

Da rabonka a cikin fadamar nan, Ɗanjuma, kuma da bakina na bayar. Inno ba ta sani ba tukuna. Ka zo mu gaya mata tare, ni kaɗai ba zan iya ba.

Yayanka,
Mijinyawa