Ƙosai da Hannun Hagu

Daren Laraba, Samaru

Jikana Sadiku, angon nawa, ya ƙera tsohuwa mai ƙosai ya cusa cikin gem, wato wasan kwamfuta, kamata sak. Wai yanzu an yarda irin wannan ƙari da ake yi wa gem ya bar kwamfuta ya hau na'urar da ake jonawa da talabijin, har 'yan shagon gem na Sabon Gari su gani. Na leƙa, sai ga ta tana miƙa ƙosai da hagu.

Na ce, "Ango, haka za ka nuna ni ga duniya, marar tarbiyya?"

Ya ce, "Kaka, gobe zan tura, babu lokacin gyara."

Na ɗauke kwanon tuwonsa na tura ƙarƙashin gadona. Ga shi can yana gyarawa. Na san cikinsa, kafin tuwon ya huce zai gama.