Na Bi Ta Kwalta, Na Makara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga taubashina Malam Sale na Magarya, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Bayan gaisuwa, haƙuri na zo ba ka, ko da yake na san da kana nan sai ka ƙoshi da dariya tukuna.

Ka tuna alkawarin da muka yi a kasuwar Ɓaɓura: duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai yi masa wanka. Ka ce, "Ni zan wanke ka, don tun muna yara ba ka iya cuɗa bayanka ba."

Sai manyan ƙasashenmu suka ɓata. Aka rufe iyaka, aka ce mun yanke muku wuta, wutar da mu ma nan sai dai mu ji labarinta.

Ranar da ɗanka Habu ya bugo da safe ya ce ka cika, 'yan acaɓa suka ce in hau su ratsa da ni ta gonaki, yadda kowa ke yi. Na ƙi. Na ce ni ba buhun shinkafa ba ne da za a yi fasa-ƙwaurina. Ɗan gwaggona zan je wankewa, ta kwalta zan bi, kowa na gani. Na ɗauka duk mai kakin da ya ji haka zai ɗaga mini ƙarfe.

Da na isa shingen iyaka, jami'in da ke wurin ya rusuna ya gaishe ni, ya ce, "Baba, wallahi ba daga ni ba ne." Na zauna ina yi masa bayanin zumunci har azahar. Da na haƙura na bi gonakin, sai na tarar an dawo daga maƙabarta. Sun jira ni, Sale, zafi ne bai bari ba. Maƙwabcinka ne ya yi maka.

Yanzu an buɗe hanya, rediyo kuma kullum cewa yake manya za su zauna su daidaita. Allah ya sa, don jikokinmu na da aurarraki a gaba. Ni dai tawa ta wuce, ba a sake wankan.

Na gaya wa Habu, in ranata ta zo shi zai tsaya a madadinka, kuma kada ya saurari izinin kowa.

Allah ya haskaka kabarinka, ya haɗa mu inda ba shinge. Ka yafe mini, ɗan'uwana.

Naka mai taurin kai,
Ilu, Ɓaɓura.