Ita ta roƙe ni gafarar rumbun da ni na ƙona

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Admin, a ɓoye sunana. Ni tsohuwa ce, na haye tamanin, ɗiyata ka rubuta min. Don Allah ku ba ni shawara.

Zamanin Turawa, ina yarinya a Rabah, anka kawo wani malamin asibiti Kirista daga ƙasar Zuru, gidansu na jikin namu. Ɗiyarshi Rifkatu ita ce ƙawata, tare muke zuwa rijiya, tare muke roron wake. Jajibirin Kirsimeti da la'asar ta shigo gidanmu da kyandir a kunne tana nuna min. Na ce mi za a yi da wuta ga rana tsaye, tac ce a wurinsu lokacin ne haske ya sauko ma mutanen da ke cikin duhu, kuma uwarta ta ce ba a kunna shi da riƙon wani a zuci.

Bayan ta tahi na ɗebo garwashi a kasko, na laɓe bayan rumbu ina gasa gyaɗar da na sato ɗakin Inna. Iska ta taso, kahin a kawo ruwa geronmu na shekara ya ƙone ƙurmus. Da Baba ya damƙe ni shina tambaya, na ce Rifkatu ce. Kowa ya gan ta da kyandir, ba wanda ya yi shakka.

Jama'a sunka cika ƙofar gidansu ana zagi. Ubanta, don ya kwantar da mutane, ya mare ta gabansu har kunnenta ya yi jini. Ba ta musa ba, kuka kawai take. Wata bai cika ba anka mayar da su Goronyo. Ranar tahiyarsu uwarta ta aiko muna da dawarsu, kuma na ci tuwon.

Na yi aure a Wurno, na haihu, na je Makka na yi kuka a can. Amma haƙƙin mutum sai mai shi. Har yau in na ji ƙaurin hatsi, abinci ba ya shiga.

Satin da ya wuce ɗiyata, wadda take nas, ta gano abokiyar aikinta jikar Rifkatu ce. Rifkatu tana raye a Zuru, ido ya tahi, kunnen nan bai sake ji ba. Jikar ta ce duk Kirsimeti sai an kunna mata kyandir ta yi addu'a ma gidan da ta sa yunwa. Ashe ita ma Rifkatu ta yarda cewa ita ce ta ƙona rumbun.

Sunka haɗa mu a waya. Muna gama gaisuwa tac ce, "Ƙawata, na daɗe ina neman bakin da zan roƙa. Kin yahe min?"

Jama'a, na ce mata na yahe.

Ta yi ta godiya, ta ce in zo mu yi bikin bana tare ta shafa huskata. Da na hwaɗa ma ɗiyana gaskiya, babban ɗana ya ce in rufa ma kaina asiri, tsohuwa ta samu natsuwa, kar in tada mata hankali. Ɗiyata ta ce ƙarya ce na ƙara kan ƙarya, sun kwana biyu ba su magana.

Saura kwana tara Kirsimeti. In tahi in hwaɗa mata gaban ɗiyanta da jikokinta, ko in bar ta ta mutu tana ganin ni ce mai kirki? Mi zan yi?