Motar Masu Gyara a Ƙofar Mai Itace

Coyhaique, watan Mayu

Zuwa ga 'yata Yasna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya ke da maigidanki da jikokina. Mu nan sai godiya, sanyi ya fara sauka, kin san hunturunmu na kudancin duniya a Mayu yake kamawa.

Takardar kamfanin injin ɗumama gida da kika aiko ta iso. Wai in sa hannu ina biyansu duk shekara, su kuma suna zuwa suna duba injin suna wanke shi. Ba zan sa ba. Yasna, ni da na fara sayar da itace da amalanke da shanu biyu, yau ga ni da manyan motoci uku, ba bakaniken da ya taɓa kwance mini ko ƙusa? Likita ya ce hayaƙin murhu ne ke cin ƙirjin mamanki Edelmira. Na ji, na kashe murhu, na sayi injin. Ya isa haka. Rariyarsa da hannuna nake wanke ta. In ɗumin bai kai ba, laifin injin ne, don masu ƙera shi ba su taɓa ɗanɗana sanyinmu ba.

Ga cuku nan na ba wani direbana ya kawo miki. Ki gaida yara.

Mahaifinki,
Belarmino

Puerto Montt, watan Yuni

Babana,

Ina gaisuwa da girmamawa. Cuku ya iso, jikokinka sun cinye shi tun ban juya ba.

Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mama ta ce da rigar sanyi take kwana. Ta kuma ce akwatin injin da ke waje, mai fankar nan, ka jera masa itace ta ko'ina har sama, ko kyanwa ba ta ganinsa. Ai ta nan yake shan iska! Ka toshe masa hanci, kana cewa rago ne.

Na san ba kuɗin ne ke damunka ba. Motarsu ce, mai ƙaton rubutu a jiki, da za ta tsaya a ƙofar babban mai itacen unguwa. Kunyar da ta sa ka ɓoye akwatin ita ce ta hana ka sa hannu. To, Baba, kunya ko ƙirjin Mama?

'Yarka mai ƙaunarka,
Yasna

Coyhaique, watan Yuli

Yasna,

Ina gaishe ki. Na so in ƙi ba ki amsa, don ban haife ki ki koya mini sana'a ba. Amma ga abin da ya faru.

Ke ba ki san kasuwa ba. Duk wanda ya zo sayen itace ce masa nake, “Wuta ita ce wuta, sauran duk iska ce mai tsada.” Maƙwabcinmu Heriberto kullum sai ya leƙo ta shinge: “Belarmino, yaya bututunka ya daina hayaƙi? Ko ka fara ƙona iska ne, tsoho?” Ina ce masa itacena ne busasshe, ba irin jiƙaƙƙen da yake tsintowa ba.

Ranar Talata da safe dusar ƙanƙara ta rufe gari, injin ya tsaya cik. Na hura murhu, na ce ai na yini ɗaya ne. Kafin ruwan shayinmu na ganyen mate ya tafasa mamanki ta fara tari, tarin da ya kai mu asibiti. Kwananta biyu da robar iska a hanci. Da ta samu magana ba ta yi mini faɗa ba. Hannuna kawai ta riƙe ta ce, “Tsohona, ni ban iya kwana a asibiti ba, ka mai da ni gida.” Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na sa hannu a takardar. Kada ki ce komai.

Mahaifinki

Puerto Montt

Babana,

Ban ce komai ba. Na dai yi magana da kamfanin. Ranar Litinin za su zo, kuma sun yarda su biyo ta lungun bayan gida, ba mai ganinsu. Ka riƙe mini Mama da kyau.

Yasna

Coyhaique

'Yata,

Gaisuwa. Sun zo ta lungu kamar yadda kika tsara. Na ce wa direbansu ya zagayo ya tsaya a ƙofa, ni ba kayan sata nake saye ba. Unguwa kaf ta fito kallo. Heriberto ya buɗe baki, na riga shi: “E, injin ɗumi ne, na Edelmira ne. Akwai magana?” Sai ya cire hula ya tambayi jikinta.

Sun tarar fankar ta daskare, ga ɓawon itace cunkushe a ciki. Yanzu gida ya yi ɗumi, mamanki na zaune da 'yar riga ɗaya tana saƙa wa yara safa, ban ji tarinta ba tun jiya. Za su dawo kafin sanyin baɗi, ta ƙofar gaba.

Itacen da na kwashe daga jikin akwatin Heriberto na sayar wa. Ban rage masa ko peso ɗaya ba.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Belarmino